Ƙofar Shagon Kafinta

Tun da ya ga ana rufe shaguna da rana tsaka, ya san yau ba lafiya. Matasa sun cika layin suna ihun a kori baƙi. Kafintan da yake wa aiki, mutumin wata ƙasa, ya ja ƙofar ƙarfe ya sa sakata, suka maƙale a tsakanin katakai.

"Malam, in sun fasa, ka ce kujera ka zo saya," in ji kafintan.

Ya dubi kafintan. Wata bakwai ke nan da masana'anta ta sallame shi, duk garin wannan baƙon kaɗai ya ba shi aiki. Kunya ta hana shi faɗa a gida cewa wurin baƙo yake aiki.

Warin fetur ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Wata murya ta danne ta kowa:

"Su suka raba babana da aikinsa! Da bakinsa yake faɗa mana kullum. Ku ba ni ashana!"

Muryar babban ɗansa ce.

Ya faɗa kan ƙofar yana duka, yana kiran sunansa. Ko zai ji shi cikin wannan ihu, bai sani ba.