Manomin da Ya Kori Jemagu

Kawu Nomau, tunda ka ce bana sai ka sare kurmin nan na bayan gonarka, bari in ba ka wani misali kafin ka wasa gatari. Ba noma zan koya maka ba, ni da ko kunya ɗaya ban iya ja ta miƙe ba. Abin da dai na tsinto a karatu shi ne, kowace dabba Allah Ya yanka mata mazauni, Ya kuma ɗora mata wani aiki a wurin. Damo yana kogon itace, gada tana cikin sarƙaƙiya, beguwa tana rami. Kai, har can ƙasar Ostareliya akwai wata dabba mai goyon ɗanta a aljihun fatar cikinta, a kan itacen turare take kwana, ganyensa take ci. A sare turaren, an gama da ita. Amma bar wannan, ta yi mana nisa.

An yi wani manomi da ya gaji ɗorawa tara a gonar mahaifinsa. Matarsa mai daddawa ce, irin wadda tun ba ta sauke ƙwarya a kasuwa ba mata sun kewaye ta. Kalwarta kuwa ba saye take yi ba, daga ɗorawar nan take fitowa. Garin ɗorawar yara su sha, ɓawon a jiƙa a yi makuba a shafe katanga. A gefen gonar akwai rafi, a bakin rafin akwai kurmi mai dogayen itatuwan maɗaci, nan jemagu ke zaune tun ba a haifi manomin ba. Da rana ka gan su rataye kamar an shanya baƙaƙen tsummoki. Amma in ɗorawa ta yi fure, jajayen nan masu lilo kamar tuntun hula, rana na faɗuwa sai su taso su rufe ta. Da safe manomi ya zo ya tarar da ɓurɓushin fure a ƙasa, ransa ya ɓaci. Wata rana ya harbo ɗaya da danƙo, ya ga fuskarsa duk ta yi rawaya da ƙurar fure. Ya kai wa matarsa, ya ce ga ɓarawo nan da gari a baki. Ta ce, "Maigida, tun zamanin Baba suke nan, kuma ba mu taɓa rasa kalwa ba." Ya ce ai ragowarsu ce ake ci, ta bari ta ga abin da ɗorawa tara za su yi in babu mai taɓa su.

Ya buga gwangwani, suka tashi suka dawo. Ya turara musu hayaƙin barkono, suka tashi suka dawo, don gidansu na nan tsaye. Sai ya kira masu injin yanka katako. Kwana uku suka kwantar da maɗatan da suka fi kakansa shekaru, sauran ƙirare ya cinna musu wuta. Jemagu suka yi yamma biyu suna shawagi a kan kututture, ba wurin sauka. A ta uku suka yi kudu.

Da shekara ta zagayo ɗorawa ta yi furen da ba a taɓa gani ba, ba mai taɓa shi. Manomi har kiran mutane yake su zo su gani. Furen ya bushe ya zube. Inda a da ake samun 'ya'ya cunkus kamar an ɗaure tsintsiya, sai ɗaya, sai biyu, wani reshen ma fayau. Ya ce ƙarancin damina ne. Shekara ta biyu ya ce bakin mutane ne. A ta uku matarsa ta kife tukwanen daddawa a bayan ɗaki, ta ce ko dai ya raka ta sayen kalwa ko ta bar sana'ar. Suka yi tafiyar rabin yini zuwa wani ƙauye a kudu. Tun daga nesa ya ga ɗorawarsu har rassa na sunkuyawa, ya ɗaga kai kuma ya ga maɗatan bakin rijiyarsu sun yi baƙi da jemagu. Ya ce wa tsohuwar da ke auna musu kalwa, yaya suke haƙuri da waɗannan ɓarayi? Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗan nan, su ke ɗaura wa ɗorawa aure. Su sha ruwan wannan furen, su kai ƙurarsa ga wancan. In ba su, wa zai kai?" Matarsa ba ta dube shi ba, shi ma bai dube ta ba, har suka iso gida.

Daminar nan ya samo dashen maɗaci guda ashirin ya jera a bakin rafi, ya kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Da rani yana ɗibar ruwa a tulu yana ba su. Amma maɗaci ba gero ba ne, Kawu. Abin da inji ya kayar a kwana uku, shekara talatin ba ta mayar da shi. Ya tsufa dashen nan bai kai tsawon da jemage zai yarda ya rataya a kai ba. Ɗorawa tara suna nan tsaye, duk shekara su yi ja kamar za a yi abin kirki, shi kuma ya zauna a gindinsu da la'asar yana duban kudu. Miyar gidansa da daddawar saye ake kaɗa ta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.