Makullin Ƙarfen Tsakiya

Makullin yana rataye a wuyan Iya Mai Ɗinki, cikin zaren da ta murɗa da hannunta. Ɗan mitsitsi ne, amma shi kaɗai ke buɗe kwaɗon ƙarfen tsakiya cikin ƙarafan da suka tare bakin layi, wanda in ba a kwantar da shi ba, ko motar uban wa ce ba ta shiga layin.

Ita ta yi ruwa ta yi tsaki har aka toshe layin. Ta bi gida-gida, ta yi ta zarya ofishin hukuma har ma'aikata suka gane sautin takalminta. Da aka kafa ƙarafan, yara suka samu filin ƙwallo, tsofaffi suka fito da kujeru, mai shago ya ce ciniki ya buɗe tunda kowa a ƙafa yake wucewa. Masu motoci suka yi gunaguninsu suka gaji. Aka damƙa mata makulli saboda lalura, ana ta sa mata albarka, wai ta ceci jikokin mutane.

Iya ba don jikan kowa ta yi ba. Don Mai Jif ta yi, mai gidan ƙarshen layi.

Ranar da mijinta ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofa, ta tare motar Mai Jif ba mayafi ba takalmi. Ya ɗan sauke gilashi, ya ce ya makara, ta nemi tasi. Kafin tasi ta zo rai ya yi halinsa. Tun ranar ta tsane shi, kuma ba ta taɓa jin kunyar tsanar ba.

Yanzu a bakin titi yake ajiye motar, ya tako layin nan mai tsawo da tumbinsa da hawan jininsa, yana haki. Iya takan tsayar da keken ɗinki don kallo ya yi mata daɗi.

"Barka da yamma, Iya," yakan ce.

"Barka da tattaki."

Autanta, mai gyaran wuta, ba ya son wannan. Magidanci ne, matarsa da tsohon ciki, ga aiki ya yi wuya.

"Inna, ki bar wa Allah mana," ya ce da ita wata safiya.

"Na bar masa. Amma duk jinina da ya taka gidan mutumin nan, ban yafe ba."

Auta ya sunkuyar da kai, ya saɓa tsaninsa ya fita, bai ce ga inda za shi ba.

Rana ta take tsaka sai ga jiniya. Iya ta ɗaga labule. Motar asibiti ce ta ci birki a gaban ƙarafan, direban yana nuna ƙarshen layi. Daga can kuwa matar Mai Jif ce ta taho a guje, ba mayafi ba takalmi.

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Iya. Ashe jinin Mai Jif ya hau ke nan. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Ta danna sakata, ta ɗauki rediyo ta shige ƙuryar ɗaki, ta ƙure masa murya. Aka fara bugun ƙofa da tafin hannu, aka koma da dutse. Muryoyi suka haɗu, na maza da na mata, ba ta tsintar komai sai "Iya! Iya!" Wani ya zagaya yana dukan taga. Ta kwanta, ta danne kunne da matashi, ta damƙe makullin a ƙirji.

"Ku nemi tasi," ta ce a hankali.

Sai da bugun ya mutu, ta ƙara jinkirtawa, sannan ta fito tana murza ido kamar mai tashi daga barci, tana karkaɗa makullin.

Layin ya cika, amma ko tari babu. Wata guduma na yashe kusa da kwaɗon da aka kasa fasawa. Ma'aikatan asibitin sun gaji da jira sun shiga da ƙafa, ga su nan suna dawowa da gadon ɗaukar mara lafiya. Ba sa sauri. An ja farin ƙyalle har kai.

Iya ta shirya fuskar ta'aziyya. Ta nemi idon maƙwabta, kowa ya kau da kai. Sai ta dubi mutumin da ke riƙe da gaban gadon, rigarsa jiƙe da gumi, hawaye har gemu.

Mai Jif ne, a tsaye da ƙafafunsa.

Makullin ya daina motsi a hannunta. "To... wane ne?"

Mai Jif ya tsaya a gabanta.

"Autanki ne, Iya. Daga saman tsani ya faɗo, kuma har numfashinsa na ƙarshe roƙona yake kada in bari ki san a gidana yake aiki."