Ginshiƙin da Aka Sassaƙe ta Baya

Ilu, ajiye mudun nan tukuna. Na ji ka ce kaɗan kawai za ka ɗiba daga irin shuka, wai damina da sauranta. Ni wannan "kaɗan kawai" ta fi maciji a ɗaka ba ni tsoro, kuma bari ka ji dalili.

An yi wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, masu haƙar kwal, baƙin dutsen nan mai ci da wuta kamar gawayi, a gindin wani tudu. Raminsu a kwance yake shiga cikin tudun, sai da rarrafe. Tudun kuwa hawa-hawa Allah ya jera shi: jar marmara a sama, sai dutsen yashi, sai wani mai ruwan toka da ke ɓarewa falle-falle, a ƙarƙashinsa kwal ya kwanta. Mai ruwan tokan nan shi ne rufin ramin. In ka haska shi da tocila sai ka ga zanen ganyaye a jikinsa har da jijiyoyinsu, kai ka ce jiya suka faɗo. Masana sun ce tun kafin a yi ɗan Adam wurin fadama ce mai duhun itatuwa, laka ta binne su, da daɗewa suka koma kwal. Wasu kututturan ma a tsaye suka zama dutse, suna nan cushe a cikin rufin, ba abin da ya riƙe su sai matsi. Daga ƙasa da'ira kawai za ka gani, kamar bakin tukunya. Saboda haka 'yan'uwan nan suke da ƙa'ida biyu. Duk inda suka ga da'irar, sai su bar ginshiƙin kwal kusa da ita ya tallafe rufin, komai kyansa ba a taɓa shi. Kuma kullum da safe wan ne ke fara shiga shi kaɗai, yana ƙwanƙwasa rufin da ƙotar diga. In ya yi ƙara tsaf, a shiga aiki. In ya amsa kamar ganga, ranar ba haƙa.

Ana nan sai aka yi rasuwa a gidan surukan wan, ya tafi zaman makoki. Bayansa wani dillali ya zo yana neman a cika masa mota kafin ruwan sama ya yanke hanya. Kwal ɗin da ya halatta a haƙa yana can ƙurya, ga nisa ga tauri, sai gwiwa ta saɓule kafin a jawo buhu ɗaya. Ginshiƙan kuwa ga su nan kusa, baƙaƙe wuluk suna ƙyalli. Ƙanen ba mugu ba ne, kuma ba wawa ba ne, shi ya sa abin yake ba ni haushi har yau. Ya zaga bayan ginshiƙi na tsakiya, inda hasken mai shigowa ba ya kaiwa, ya sassaƙi kaɗan. Rufi bai motsa ba. Washegari ya ƙara. Da ya ga shiru sai ya saki jiki, ya yi ta ci ta baya har ginshiƙin ya zama fuska kawai, ta gaba lafiya lau, ta baya rarake. Ranar da ya cika motar, yana jan buhun ƙarshe sai ya ji tsakuwa na zubo masa a wuya, rufin ya yi wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen kara. Ya fito, ya ce a ransa gobe zai sari itace ya tokare wurin, ba wanda zai sani.

Kafin goben ta yi, wan ya dawo. Da safe ya yi bisimilla, ya ɗauki diga da tocila, ya durƙusa ya shige kamar yadda ya saba. Ƙanen na tsaye a bakin rami, maganar na bakinsa, kunya ta riƙe masa harshe. Ya ji bugu na fari, tsaf. Ya ce a ransa wataƙila Allah zai rufa asiri. Ya ji na gaba, tsaf, hasken tocilan na ƙara nisa, yana dosar tsakiya.  Ƙanen ya buɗe baki, ya tuna irin kallon da wan zai yi masa, ya sake rufewa. Sai bugun ya amsa, dum.

"Yaya, fito! Na ci ginshiƙin!"

Gaskiya ce ya faɗa, amma ta makara. Kututturen dutsen nan da ya yi shekaru ba adadi yana jira ya sulluɓo gaba ɗaya, ya sauka a kan ƙafafun wan. Ƙanen ya kutsa cikin ƙura yana kuka, ya yi ta tono da hannu har faratansa suka cire, Allah ya sa ya jawo shi da rai kafin sauran rufin ya zauna. Ramin ya toshe da duk kwal ɗin da ke cikinsa. Wan bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba, kuma bai taɓa yi wa ƙanen gori ba ko sau ɗaya, wannan shirun kuwa ya fi duka ciwo. Duk ranar Juma'a ƙanen ne ke goya shi zuwa masallaci, har furfura ta cim musu.

Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, garin neman gira a rasa ido.