Mutumin da ke Bin Auta

Bakanike yana tsugune a bakin famfo yana kankare baƙin mai daga farcensa, sai ya ji 'yarsa Auta tana yi wa uwarta bitar karatu a tsakar gida.

Malamar da ke shirya su Auta don jarrabawar shiga jami'a tana da doka guda: duk siffar Turanci mai nauyi da ta ba su, sai an rataya ta a wuyan wani mutum mai rai, amma ba a faɗin sunansa. Wai kalmar da ba ta da fuska, ranar jarrabawa take guduwa.

"Obstinate," in ji Auta. "Mai taurin kai ke nan, Umma. Akwai wani mutum, ko sau ɗari na ce masa a'a, kunnensa e yake ji."

Hannun Bakanike ya tsaya cak. Wane mutum ne 'yarsa take ce wa a'a har sau ɗari?

Kashegari ya kasa kunne.

"Intrusive. Mai shisshigi. Ya san lokacin fitata, ya san na dawowata, duk wanda na gaisar a hanya sai ya so ya ji ɗan wane ne."

Ya zabura har buta ta kife. "Ke Auta! Wane mara kunya ne wannan?"

"Baba, Malama ta ce ba a faɗin suna."

"Malama ce ta haife ki?"

Ta sunkuyar da kai. Uwar ta toshe baki da bakin zane, kafaɗunta na rawa.

"Daina kuka, ina raye," ya ce wa uwar.

Shi bai wuce firamare ba, ɗan Turancin da ya iya a jikin kwalin kayan gyara ya tsinto shi. Amma duniya kam ya karanta ta, ya san kura ba ta sallama. Ya rantse: in bai kama mutumin nan ba, Auta ta bar zuwa darasi, jarrabawar ma ta sha ruwa. Yarinyar da ita ce ta farko a zuriyarsu da ta ji ƙamshin jami'a ta yi kuka har idonta ya kumbura. Bai janye ba.

Da la'asar ya rufe gareji, ya zura sifana a aljihu, ya ja hula har gira, ya bi Auta daga nesa. Ya auna mai shagon magani: tsoho ne, ko gabansa ba ya gani. Ya auna mai babur da ya rage gudu kusa da ita: fasinja yake nema. Mai gyaran waya ya yi mata murmushi, Bakanike ya tsare shi da ido har sai da yaron mutane ya ƙone yatsa da ƙarfen liƙi. Ba kowa. Titi fes.

Amma kalmomin gida sai ƙara muni suke.

"Furtive. Mai laɓe-laɓe. Yanzu ɓuya yake, ya ɗauka ba na ganinsa."

Ashe tsinannen ya fi shi wayo! Bakanike ya daina cin abinci kirki, ya mayar wa wani direba mota babu birki a ɗaure, sai da aka yi ta ba da haƙuri.

"Menacing," ya ji ta ce ana gobe zai yanke hukuncin hana ta darasi, muryarta a sanyaye. "Wanda ganinsa ke sa gaba ya faɗi. Jiya har da ƙarfe a hannunsa."

To, magana ta kai ga ƙarfe. Ya ajiye ƙaramar sifana ya ɗauki ta kwance taya.

Kashegari ya riga Auta isa wurin darasi. Ya maƙale a bayan rumfar mai facin taya, daidai inda ƙofar ajin ke fuskantarsa, yana haki, yana jiran ɗan halak ya nuna hanci.

Bai ji takun ba. Hannu kawai ya ji a wuyansa, wani a ƙugunsa, sai ga shi ƙasa, kunci a kan tsakuwa. Mai faci ne, da mahauci, da wasu ƙarti biyu.

"Ku sake ni, sakarkaru! Zai gudu!"

"Ba inda za ka gudu, tsohon banza," in ji mahauci. "Da furfurarka!"

Malama ta fito riƙe da hannun Auta. Tun da jimlolin yarinyar suka fara ba ta tsoro ta roƙi maƙwabta su sa ido, ba ta faɗa wa kowa a ajin ba.

"Kada ki ji tsoro, 'yata," ta ce. "Dube shi da kyau. Shi ne mutumin?"

Auta ta dubi hular da ta faɗi, ta dubi sifanar.

"Shi ne, Malama. Don Allah ku ɗaga shi, babana ne."