Ranar da Tahiru Ya Ci Bulet

Sa'a ta daka naman har ya yi laushi, ta tsince jijiyoyin, ta haɗa da dafaffiyar shinkafa. Ta mulmula shi ƙanana, ta turara, ya zama bulet.

Ɗanta Tahiru ya kusa shekara biyu, amma nono kaɗai yake karɓa. Duk bulet ɗin da ta yi masa, tofarwa yake da kuka. Yanzu nonon ya ja baya, haƙarƙarin yaron sun fito.

Ta sa masa guda a baki. Ya mamula, ya haɗiye, ya miƙo hannu.

Munira, ƙanwar ubansa, ta rangaɗa guɗa. "Ya ci! To, yaye ya tabbata. Gobe zan kai shi Damagaram Takaya wurin ubansa, yadda aka yanke ranar da aka sake ki."

Da ta fita, Inno, mahaifiyar Sa'a, ta matso. "Ke 'yar nan, me kika ƙara yau har ya ci?"

Sa'a ta goge wa Tahiru baki.

"Ban ƙara komai ba, Inno. Barkonon da nake ɓoyewa a tsakiya ne yau ban sa ba."