Gwarzon Mahadi Ya Faɗi

Su uku suke wasan faɗa na bidiyo a falon su Khalida a unguwar Hindawiyya: ita, da yayanta Ayman, da abokinsa Mahadi, sun haɗa kai suna jibgar 'yan daba. Sai aka buga ƙofa, irin bugun masu binciken iƙama, takardar izinin zaman baƙi a ƙasar. Ayman ya fita. Mahadi kuwa ba shi da takarda.

Ya daina danna maɓallan, har gwarzonsa na cikin wasan ya faɗi.

"Khalida," ya ce ƙasa-ƙasa, "in sun tafi da ni, kada ki jira ni."

Ta ƙi kallonsa. Ta kutsa da nata gwarzon cikin ruwan duka, ta ɗaga nasa.

"Khalas, ya isa, Yaya Mahadi. Yaushe na taɓa barinka a ƙasa?"

Takun takalma ya doso falon.