Tukunyar Bayan Rumbu

Bari in ba ka misali da wata Bamagujiya mai dafa giya a wani ƙauye da ke gindin dutse. Ba sai kana shan abin da take dafawa ba kafin ka ɗauki darasinta. Matar ta manyanta, ƙarfi ya fara ja baya, amma duk yankin an san hannunta. Abin da masu sha ba sa gani shi ne wahalar da ke biyo bayan dahuwa. Idan suka watse, ita ake bari da kaya: manyan tukwane da ƙanzo ya kama gindinsu, mataci cike da dusa, ƙore sun yi danƙo ƙudaje na bin su. Sai ta ɗebo ruwa daga rafi, ta kankare kowace tukunya da toka da yashi, ta ɗauraye, ta kife a rana. Haka take yi shekara da shekaru. To wata rana da damina, bayan wani biki da ta yi wa dahuwa, ta durƙusa wanki tun hantsi har rana ta yi sanyi. Bayanta ya riƙe, toka ta cinye mata yatsu, ruwa ya ƙare, rafi kuma da nisa. Saura tukunya ɗaya. Ta tsaya hannu a ƙugu tana kallonta, ta ce a ranta ai ba gudu za ta yi ba. Ta ja ta bayan rumbu, ta rufe da faifai, da niyyar gobe. Gobe ta zo da nata, don mijinta ya wayi gari da zazzaɓi. Ga jinya, ga girki, ga awaki. Tukunya ta zauna cikin laima, fumfuna ta yi mata gashi, tana ratsawa har cikin yumɓun.

Ciwon maigidan ya ja, ciyawa ta taso ta fara shaƙe musu dawa. 'Ya'yansu maza duk sun tafi neman abinci birni, saboda haka mafita ɗaya ce: ta kira gayya, mazan ƙauye su zo su nome gonar, ita kuma ta shayar da su yadda aka saba. Ta share 'yar dawar da ta rage a rumbu, ta jiƙa har ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, ta tace. Da ta zo zubawa a tukwanen da giyar za ta kwana ta tashi, sai suka kasa. Nan ta tuna da ta bayan rumbu. Tana ɗaga faifan wari ya buge ta. Ta san abin da ya kamata, amma ƙafafunta sun kumbura da tsayuwa bakin murhu, ga mara lafiya na kira daga ɗaki. Ta watsa wa tukunyar ruwa, ta zagaya cikinta da tafin hannu, ta leƙa ba ta ga komai ba, ta zuba. Ranar gayya ta juye duka tukwanen a randa ɗaya, aka taya ta kaiwa gona.

Maza sun fito da fartanyu tun da sassafe, suna noma suna waƙa, har rana ta take. Suka zauna gindin ɗorawa, ta fara miƙa musu ƙwarya. Na farko ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya juya gefe ya zubar. Giyar ta yi yauƙi, ta yi wani tsami mai ɗaci. Ba wanda ya zage ta. Babban cikinsu ya ajiye ƙwaryar a hankali ya ce, "Inna, wannan ba hannunki ba ne." Don kunya suka ƙara 'yan kunyoyi, amma ƙishi da rana suka fi ƙarfinsu, suka riƙa saɓa fartanya suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Washegari akwai gayyar wani, bayanta ta wani, damina kuwa ba ta jiran kowa.

Ta tuntsurar da randar a kwari, ta koma gida ta tarar da wankin da ya fi wanda ta guje wa, don yanzu randa da ƙore da ludayi duk sun ɗauki warin. Ta tafasa ruwa ta bi su ɗaya ɗaya, tana yi tana zama tana hutawa. Ita tukunyar kuwa duk kankarar da ta sha warin bai fita ba, ƙarshe fasa ta ta yi. Ba dawar sake dahuwa, sai ta ɗauki fartanya da kanta ta nome abin da ta iya. Da kaka rabin gonar kara kawai ya bayar, rumbu bai kai su bazara ba. Shi ya sa Hausawa suke cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari.